Ƙiftawa da Bismilla: Yadda Ake Ƙera Gajeriyar Walƙiya da Yadda Ake Auna Ta



Muna godiya ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da suka gayyace mu, suka kuma sakar mana wuƙa da nama game da abin da za mu yi magana a kai. Mun sani sarai akwai batutuwan da suka fi wanda muka zaɓa kusa da zukatanku, kamar batun kuɗin makaranta da na samun aiki bayan an gama. Duk da haka muna roƙonku ku ba mu aron hankalinku, domin muna fata kafin mu zauna za ku ga labarin da muka ɗauko ya shafi ɗalibi, ya kuma shafi ma'aikacin da fayil ya kan kwana a kan teburinsa.

Bahaushe in yana son ya nuna saurin abu, ya kan ce an yi shi ƙiftawa da bismilla. To, ƙiftawar ido tana cin kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan, ko fiye da haka kaɗan. Mu kuwa za mu yi magana ne a kan wani ɗan lokaci da masana ke kira atosakan. A raba sakan ɗaya gida biliyan, a ɗauki kashi ɗaya a sake raba shi gida biliyan, abin da ya fito shi ne atosakan. An aro farkon sunan daga kalmar mutanen Danmak mai nufin goma sha takwas, saboda sifiri 18 da ke cikin lissafin. Da a ce atosakan ɗaya zai zama kamar sakan ɗaya a wurinmu, da ƙiftawar ido ɗaya ta ci shekara biliyan 3. Masana taurari sun ƙiyasta shekarun sammai da biliyan 13.8, amma yawan atosakan da ke cikin sakan ɗaya ya ninka yawan sakan da ke cikin waɗannan shekaru duka fiye da sau biyu.

A shekarar 2023 an ba mutum uku kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks, watau Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier, saboda sun samo hanyar yin walƙiyar haske mai gajarta irin wannan. An ga mafarin abin a 1987, amma ba a iya auna shi ba sai a 2001. Wannan shekara 14 da ke tsakani ita ce ainihin abin da muke so mu tattauna.

Doki da kyamara

A shekarar 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya a Amurka, wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa domin a warware wata tsohuwar gardama: shin doki in yana sukuwa, akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk ba sa taɓa ƙasa? Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya san ido ba ya iya yanke wannan hukunci. Hotunan suka nuna lalle akwai, kuma a sa'ad da ƙafafun suka tattaru ne a ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba kamar yadda masu zane suka saba zanawa. Asirin aikin shi ne, kowace kyamara ta buɗe idonta na ɗan lokacin da dokin bai kai ga gusawa sosai ba. Haka walƙiya ta kan yi a daren damina, sa'ad da ta kan nuna mana ɗigon ruwa kamar a tsaye yake a sama. Ƙa'idar ke nan: in ana son ganin abu mai gudu, tilas ne hasken da za a gan shi da shi ya fi motsinsa gajarta.

Yanzu mu sauka daga kan doki mu shiga duniyar ƙananan abubuwa. Kowane abu da muke gani an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, waɗanda masana ke kira atam. Kowane atam yana da cibiya mai nauyi, a kewaye da ita kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyi marasa nauyi da ake kira ilektiron. Su ne ke gudana a cikin waya mu ce lantarki, su ne ke ɗaure atam da atam har a sami ruwa ko gishiri ko magani, su ne kuma ke karɓar hasken rana a cikin ganye.

Motsin atam a cikin dunƙulen sinadari ana auna shi da femtosakan, wanda ya yi daidai da atosakan 1,000. Wanda ya yi fice wajen ɗaukar hoton wannan motsi ɗan Afirka ne, Ahmad Zuwail, wanda aka haifa a Damanhur ta Masar a 1946, ya yi karatu a Jami'ar Iskandariyya, kana ya yi bincikensa a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya. An ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999. Sai dai ilektiron ya fi cibiyar atam mafi sauƙi rashin nauyi har sau 1,836, saboda haka ya fi ta zafin nama nesa ba kusa ba. A siffar atam mai sauƙi wadda Niels Bohr ya kawo a 1913, ilektiron ɗin haidurojin ya kan kewaya cibiyarsa cikin atosakan 150 ko kusa da haka. Walƙiyar Zuwail ta yi masa tsawo ƙwarai.

Bangon da aka ci karo da shi

Me ya hana a ƙara gajarta walƙiyar? Haske igiya ce mai kaɗawa, dangin igiyar rediyo. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango, sun san mita 49 da mita 31, watau nisan da ke tsakanin tudu ɗaya na igiyar da tudun da ke biye da shi. Zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Na'urar leza da aka fi amfani da ita a wannan fage tana ba da haske mai zangon nanomita 800, gaba kaɗan da launin ja, kuma kaɗawarsa ɗaya cikakkiya tana cin femtosakan 2.7. Walƙiya kuwa ba ta iya yin gajarta sosai fiye da kaɗawa ɗaya ta hasken da aka yi ta da shi. A 1987 masu bincike a Amurka sun kai femtosakan 6, daga nan aka yi kusan shekara goma ba a gusa ba.

Mafita tana bukatar abu biyu. Na farko, haske mai gajeren zango ƙwarai, wanda ke can bayan launin shunayya inda ido ba ya gani. Na biyu, launuka masu yawa na irin wannan haske, waɗanda za su tafi kafaɗa da kafaɗa. Dalili shi ne, inda tudun wata igiya ya haɗu da tudun wata, ƙarfinsu ya kan taru, inda kuma tudu ya haɗu da kwari su kan kashe juna. In aka haɗa igiyoyi masu zango iri iri, aka daidaita su yadda duk tuddansu za su haɗu a wuri ɗaya, sai a sami haske mai ƙarfi na ɗan ƙanƙanen lokaci, gabansa duhu, bayansa duhu. Gwargwadon yawan launukan, gwargwadon gajartar walƙiyar.

Abin da ya faru a Saclay

Duk mai kaɗa gurmi ko garaya ya san tsirkiya ba murya ɗaya take fitarwa ba. Akwai babbar murya, a kanta kuma akwai ƙananan muryoyi masu kaɗawa ninki biyu, ninki uku, har gaba. Haske ma ya kan yi haka in yana da ƙarfi. Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960, a shekarar da ta biyo kuma Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan suka ratsa haskenta ta cikin farin dutse mai sheƙi, suka sami ninki na 2. Hasken da suka samu ya yi rauni har ya zama ɗan ɗigo ne kawai a jikin hoto, kuma da aka zo buga takardarsu a mujalla sai aka ɗauka datti ne, aka share shi. An buga bayani ba tare da shaidarsa ba.

A 1987, a cibiyar bincike ta Saclay kusa da Paris, wadda ke ƙarƙashin hukumar makamashin nukiliya ta gwamnatin Faransa, Anne L'Huillier da abokan aikinta suka tattara hasken leza mai zangon nanomita 1,064 a cikin iskar agon. Agon tana cikin iskokin nan da ba sa son haɗuwa da wani sinadari, irin su niyon da hiliyom, kuma tana riƙe ilektiron ɗinta gam. Abin da kowa ya sa rai shi ne a ga ninki biyu ko uku, kowane ya fi na gabansa rauni, har su ɓace. Na farko-farko lalle sun yi haka. Amma daga nan sai raunin ya tsaya, ninki bayan ninki suka jeru da ƙarfi kusan ɗaya kamar shimfiɗaɗɗen fako, har zuwa na 33, sa'an nan suka yanke gaba ɗaya. Wani abin mamaki kuma, duk masu lamba mara ne, na 3, na 5, na 7, babu na 2 ko na 4. A wannan shekara wasu masu bincike a Shikago, ƙarƙashin Charles Rhodes, su ma sun ga ninki na 17 a cikin niyon da wata leza dabam.

Ga launuka masu yawa ke nan, ga kuma gajeren zango, domin ninki na 33 zangonsa nanomita 32 ne kacal. Amma a lokacin ba wanda ya san dalilin faruwar abin.

Matakai uku

Bayanin ya fito fili a 1993 ta hannun Paul Corkum na Kanada, da kuma Kenneth Kulander da Kenneth Schafer da abokansu a Amurka. A 1994 Maciej Lewenstein, tare da L'Huillier da Corkum da wasu, ya kafa shi a kan cikakken lissafi.

Kafin mu faɗi matakan, sai mun san irin ƙarfin da ake magana. Hasken rana tsaka yana zuba kimanin kashi ɗaya cikin goma na wat a kan filin da bai wuce farcen ɗan yatsa ba, watau santimita ɗaya tsawo da faɗi. A wannan aiki kuwa ana bukatar wat miliyan 100 sau miliyan a kan irin wannan fili. Ba wata tashar lantarki da za ta iya ba da wannan a kai a kai. Dabarar ita ce a matse ɗan ƙarfi kaɗan cikin ɗan lokaci kaɗan, a kan ɗan wuri kaɗan. Donna Strickland da Gérard Mourou ne suka sauƙaƙa wannan a 1985 a Jami'ar Rochester, inda suka nuna a fara miƙe walƙiyar ta yi tsawo domin kada ta ƙona na'ura, a ƙara mata ƙarfi, sa'an nan a sake matse ta. An ba su Nobel a 2018.

Mataki na farko: haske mai irin wannan ƙarfi yana ɗauke da jan lantarki da ya kusa kai wanda cibiyar atam ke riƙe ilektiron da shi. Sai ya lanƙwasa bangon da ya tsare ilektiron har ya yi siriri ta gefe ɗaya. Mun saba cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a duniyar atam ilektiron ya kan ratsa bango ko bai tsage ba, muddin ya yi siriri.

Mataki na biyu: da fitarsa sai hasken ya fizge shi ya yi nesa da gida. Amma tun da haske kaɗawa yake yi, kafin a jima jan ya juya, ya tsayar da shi, ya koro shi baya da gudu.

Mataki na uku: in aka yi dace ya faɗo wa atam ɗin da ya baro, sai ya koma mazauninsa, duk ƙarfin da ya tara a hanya kuma ya amayar da shi a matsayin ƙwayar haske ɗaya mai gajeren zango. Tafiyar duka ba ta kai kaɗawa ɗaya ta hasken leza ba, dawowar kuwa cikin 'yan ɗaruruwan atosakan take aukuwa.

Kyawun wannan bayani shi ne ana iya jarraba shi da alƙalami. Mudun da ake auna ƙarfi da shi a nan sunansa ilektiron-bolt. Ana bukatar 15.8 domin a ɓamɓare ilektiron daga agon. A irin ƙarfin da muka ambata, da leza mai nanomita 800, matsakaicin ƙarfin rawar da ilektiron ke yi a cikin hasken kimanin 6 ne, kuma lissafi ya nuna mafi yawan abin da zai iya dawowa da shi ninki 3.17 ne na wannan, watau 19. In aka haɗa sai a sami kusan 35. Ƙwayar hasken leza ɗaya kuwa 1.55 take ɗauke da shi, saboda haka jerin zai yanke wajen ninki na 23. Dalilin yankewar ke nan. Har ila yau, abin yana faruwa sau biyu a kowace kaɗawa, sau ɗaya ta dama, sau ɗaya ta hagu, kuma wannan musaya ita ke sa masu lamba cika su kashe juna, masu lamba mara su rage.

A aikace akwai wahala. Tilas miliyoyin atam su saki haskensu a jere ba tare da sun ɓata wa juna ba, abin da ke bukatar a daidaita matsin iskar da inda aka tattara hasken. Abin da ake samu bai cika wuce kashi ɗaya cikin miliyan na ƙarfin da aka zuba ba. Iskar da muke shaƙa tana shanye irin wannan haske, saboda haka a cikin bututun ƙarfe da aka zuƙe wa iska ake yin komai, kana a sa wani ɗan fallen alminiyom mai kaurin 'yan ɗaruruwan nanomita ya tare hasken leza ya bar sabon hasken ya wuce.

Da me za a auna?

To, a nan ne gizo ke saƙa. Tun farkon shekarun 1990 masana suka yi hasashen cewa waɗannan ninke-ninke za su iya haɗuwa su ba da walƙiyar atosakan, a 1996 kuma L'Huillier da abokanta suka nuna haka a lissafi. Amma lissafi ba shaida ba ne. Na'urar rarrabe launuka tana iya nuna waɗanne launuka ke nan, sai dai ba ta faɗin ko tafiyarsu ta zo ɗaya. Kamar mutum ne ya leƙa ya ƙirga taɓare biyar a tsakar gida. Wannan bai gaya masa ko lugude ake yi ko kowace mace na dakanta ba. In launukan a daidaite suke, akwai walƙiyar atosakan. In a hargitse suke, babu komai sai dogon haske mara fasali. Kuma ba wani agogo ko na'urar lantarki da ke kusa da wannan sauri, domin mafi saurinsu sun yi nawa sau dubbai. Ƙa'idar doki ta ce sai da gajere ake auna dogo, ga shi kuwa wannan shi ne mafi gajartar abin da ɗan Adam ya taɓa yi.

Da ɗan gari a kan ci gari. Sai aka mai da hasken leza kansa ya zama ma'auni, tun da an san kaɗawarsa sarai, aka kuma sa ilektiron ya zama ɗan aike. Ana raba hasken leza biyu: kashi ɗaya ya je ya haifi sabon haske, ɗayan ya bi wata hanya, su sake gamuwa a cikin wata iska ta biyu. Ana jinkirta ɗaya daga cikinsu ta hanyar ƙara masa tsawon hanya da madubi mai gusawa. Haske yana tafiyar nanomita 30 cikin atosakan 100, kaurin gashin kai kuwa yana tsakanin nanomita dubu 50 da dubu 100. Watau an mai da lokacin da ba a iya aunawa ya zama nisan da ake iya aunawa, amma da sharaɗin teburin aiki ba zai girgiza ba, zafin ɗaki kuma ba zai sauya ba.

A 2001 ƙungiyar Agostini a Faransa, tare da Harm Muller na Holan, ta yi amfani da wata dabara wadda gajarce sunanta da haruffan Turanci ya ba da kalmar da ke nufin zomo. Kowane ninki yana fitar da ilektiron daga agon da nasa ƙarfin, kamar matakalar tsani. In hasken leza mai rauni yana wurin, sai wasu ilektiron su bayyana a tsakanin matakala biyu, kuma ta hanya biyu ake isa can: ko a hau daga ta ƙasa da ƙarin ƙwayar haske ɗaya, ko a sauko daga ta sama da ragin ɗaya. Hanyoyin biyu su kan ƙarfafa juna ko su kashe juna, gwargwadon jinkirin da aka sa. In ana gusa madubi ana ƙirga ilektiron, za a ga yawansu yana hawa yana sauka, kuma inda hawan ya faɗo shi ke tona ko maƙwabtan launuka biyu suna tafiya tare. Suka gwada ninki biyar, daga na 11 zuwa na 19, suka tarar a daidaite suke. Sakamakon shi ne jerin walƙiyoyi, kowace atosakan 250, tsakaninsu femtosakan 1.35.

A shekarar dai, a Biyana ta Ostiriya, ƙungiyar Krausz ta nemi walƙiya ɗaya tilo. Suka yi amfani da hasken leza na kimanin femtosakan 7, wanda bai wuce kaɗawa biyu zuwa uku ba, ta yadda kaɗawar tsakiya kaɗai ke da ƙarfin haifar da haske mafi gajeren zango, sa'an nan suka tace wannan da madubi na musamman. Dabarar awonsu tana kama da sheƙa. Inda ƙaiƙayi ya faɗi yana nuna yadda iska ke kaɗawa a daidai lokacin da mai sheƙa ta sake shi. In da an san iskar tana juyawa gabas da yamma bisa ƙa'ida, da daga inda ƙaiƙayin ya faɗi an gane lokacin da aka sake shi. Haka walƙiyar ke sakin ilektiron daga iskar kiripton, hasken leza kuma ya ƙara masa gudu ko ya rage masa gwargwadon lokacin fitarsa, gudun ilektiron kuwa abu ne mai sauƙin aunawa. Suka sami atosakan 650. Muna so ku lura da yadda suka rubuta shi: 650, da yiwuwar ƙari ko ragin 150. Sun faɗi abin da suka samu, sun kuma faɗi iyakar abin da ma'auninsu zai iya rantsuwa a kai.

Da aka yi walƙiya, me aka gani?

A 2004 ƙungiyar Krausz ta juya dabarar, ta yi amfani da walƙiyar wajen zana kaɗawar hasken leza kanta, tudu da kwari, abin da tun ƙarni na 19 aka sani a lissafi amma ba a taɓa ganinsa kai tsaye ba. Gajartar ma ta ci gaba: atosakan 80 a 2008, kana 43 a birnin Zurik na Siwizalan a 2017.

Amma labarin da ya fi ba mu sha'awa na niyon ne. Tun 1905 Albert Einstein ya bayyana yadda haske ke fitar da ilektiron daga jikin abu, aka kuma daɗe ana ɗaukar fitar a matsayin abu na nan take. A 2010 ƙungiyar Krausz, wadda ta riga ta koma Garching a Jamus, ta auna ta ga ilektiron na wani mataki a atam ɗin niyon yana makara da atosakan 21 a kan na wani matakin. Masu lissafi suka duƙufa, amma abin da suka samu bai kai wannan adadi ba. Aka yi shekara bakwai awo da lissafi ba su jitu ba. A 2017 ƙungiyar L'Huillier a Jami'ar Lund ta Suwidin ta sake awon da ma'auni mai iya rarrabewa sosai, ta nuna akwai wasu ilektiron na wata hanya dabam da ke cuɗanya da waɗanda ake nufi, kuma da aka ware su sai awo ya dace da lissafi. Mutanen da aka gyara wa awo da waɗanda suka gyara, shugabanninsu ne suka raba kyauta ɗaya bayan shekara shida.

Game da amfani kuwa, gara mu faɗi gaskiya. Dabarar Strickland da Mourou ta riga ta shiga asibiti, inda ake gyaran idon miliyoyin mutane da ita. Ilmin atosakan shi kam yawancinsa yana ɗakin bincike tukuna. An nuna a 2013 cewa walƙiya mai ƙarfi tana iya sa gilashi, wanda ba ya ɗaukar lantarki, ya ɗauka na ɗan lokaci ya kuma koma yadda yake, abin da ya sa ake fatar na'urori masu saurin da ya ninka na yanzu sau dubbai. Krausz kuma ya juya ga binciken ko za a iya gane alamun cuta da wuri daga ɗigon jini ta hanyar haske. Waɗannan fata ne, kuma da sunan fata ya kamata a kira su.

Kammalawa

'Yan'uwa, abu uku muke so mu bar muku.

Na farko na ɗalibai ne. Shekara 14 masana suna da kyakkyawan zato, suna da lissafin da ke goyon bayansu, amma ba su ce sun yi ba sai da suka auna. Da suka auna, sun faɗi iyakar awon. Da wani ya zo da ma'aunin da ya fi nasu, an karɓi gyara. Wanda zai rubuta kundin kammala digiri ya tambayi kansa: wannan adadi da na sa, na auna shi ne, ko kuwa na ji ana faɗa? Gani ya kori ji, amma a wannan fage awo ne ganin.

Na biyu na ma'aikata ne. Rahoton da ya ce an haƙa rijiya kaza bai cika ba sai ya faɗi nawa ke ba da ruwa, wa ya je ya duba, kuma yaushe. Sa'an nan wata rana takardar neman kuɗin bincike za ta zo gabanku, ku tambaya, mene ne amfaninsa? Tambaya ce mai kyau, haƙƙinku ne ku yi ta, domin dukiyar jama'a ce. Amma ku tuna da a ce an yi wa 'yan Saclay ita a 1987, ba su da amsar da za ta cika fom. Hukumomin gwamnati ne suka riƙa biyan albashinsu da kuɗin kayan aikinsu duk tsawon shekarun nan. Abin da ya dace a matsa wa mai bincike a kai shi ne: me za ka auna, da me za ka auna shi, yaya kuma za mu gane in ka yi kuskure?

Na uku namu ne duka. Wannan aiki ba ya bukatar na'ura mai tsawon mil da mil. A ɗaki ɗaya, a kan babban tebur ake yinsa. Abin da yake bukata shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗakin da zafinsa ba ya sauyawa, da ƙwararrun masu kula da na'ura, da shekaru na kwanciyar hankali. Zuwail a Masar ya yi digirinsa na farko da na biyu, amma a Kalifoniya ya sami irin wannan ɗaki. Ko ɗalibin da ke zaune a cikinku zai sami nasa a gida, wannan yana hannun waɗanda za su riƙe kasafi da fayil nan da shekara goma ko ashirin, watau ku.

Ran 3 ga Oktoba 2023, sa'ad da aka buga wa Anne L'Huillier waya daga Stockholm domin a yi mata albishir, tana cikin koyar da ɗalibai ne. Ta amsa a lokacin ɗan hutun tsakiyar darasi, ta ji ita ce mace ta biyar da ta taɓa samun wannan kyauta a fiziks, sa'an nan ta koma aji ta ƙarasa darasinta. Mu ma gobe da safe akwai lacca, akwai ofis.